Yaro da Waya: Yadda Ake Tsara Kallo a Gidajen Katsina

Abin da iyaye kan fara lura da shi kira ne. A kira yaro sau uku bai amsa ba, alhali tabarma ɗaya suke zaune da mai kiran. Sai gaisuwa ta biyo baya: baƙo ya yi sallama, yaro ya ce "ina wuni" idonsa na kan waya, bai durƙusa ba, bai jira an amsa ba. Daga nan sai fushi in an karɓe wayar, fushin da ya fi ƙarfin abin da aka yi masa, har da birgima da jifa da takalmi. Da yawa daga cikin iyaye suna ɗaukar wannan a matsayin lalacewar tarbiyya, sai su nemi bulala. Bulala kuwa ba ta kai wa ga tushen abin. Yini awa 24 ne ga kowa, kuma awannin da yaron ya kamata ya yi barci, a yi masa magana, a aike shi, ya yi faɗa da tsaransa su shirya, ya zauna babu abin yi har ya ƙirƙiro wasa da kara da gwangwani, su ne kallo ya cinye. A cikin waɗannan awannin hali ke ginuwa. Aikin da ke gaban iyaye shi ne su maido masa da su.

Inda ɓarnar take shiga

Harshe ne ke fara jin jiki. Jariri yana koyon magana ne ta hanyar ba-ni-in-ba-ka: ya yi gwaranci, uwa ta amsa, ya dubi fuskarta, ya sake. A 2003 wata mai bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, Patricia Kuhl, ita da abokan aikinta sun gwada wannan da jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Wasu an zaunar da su sau 12 da mutum yana yi musu magana da harshen Sin ido da ido, wasu kuma an nuna musu irin wannan maganar ta talabijin. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda suka yi kallo kuwa sun fito kamar ba su taɓa jin sa ba. Wannan ya isa amsa ga mai cewa ya kunna wa ɗan shekara ɗaya katun ne don ya koyi Turanci. Zai iya haddace waƙar, amma ba zai iya cewa "Inna, ruwa" da ita ba.

Wayar uwa ma tana cikin lissafi. Tun a shekarun 1970 wani masanin halayyar yara, Edward Tronick, ya nuna cewa in uwa ta daskarar da fuskarta na 'yan mintuna tana kallon jaririnta ba ta amsa masa, jaririn yakan yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya jawo ta, in ya gaza sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Fuskar mai duba waya daskararriya ce. Matan da ke sana'a ta WhatsApp, masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kwalliya, ba za a ce su ajiye abin neman abincinsu ba, amma lokacin shayarwa da lokacin wanka da lokacin ba da abinci sun cancanci a kife wayar.

Abu na biyu shi ne haƙuri, kuma nan ne abin da ake kira canjin hali ya fi fitowa. Ba a haifar yaro da iya lallashin kansa. Yana koya ne ta yin kuka, a ɗauke shi, a goya shi, a ce masa "yi haƙuri, na san ka gaji", har zuciyarsa ta sauka, sau ɗari sau dubu, sannan wata rana ya iya saukar da ita da kansa. In duk lokacin da ya buɗe baki aka cusa masa waya, kukan zai tsaya nan take, amma darasin bai shiga ba. Ya kai shekara shida ba shi da hanyar jure jira ko ƙi sai da abu a hannu. Kuma abin yana tafiya ta fuska biyu: yaro mai rigima shi aka fi ba waya don a huta, wayar kuma ta ƙara masa rigimar. Gajerun bidiyoyi irin na TikTok sun fi kowane kallo muni a nan, domin kowane daƙiƙa kaɗan sabon abu ne, babu ƙarshe, ga kuma manhaja tana lura da abin da ya riƙe idon yaro tana ƙaro masa irinsa. Wanda ya saba da wannan gudun, zaman gaban malam ana maimaita aya ɗaya sau goma zai zame masa azaba.

Na uku barci. Haske mai ƙarfi a ido da dare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin da ke kawo barci, sannan abin da ake kallon kansa yana tayar da hankali. Yaron da barci bai ishe shi ba sau da yawa ba ya yin laushi kamar babba, ƙiriniya yake ƙarawa da saurin kuka da rashin ji.

Ma'auni

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda bai kai shekara biyu ba, kada a zaunar da shi kallo sam. Daga shekara biyu zuwa huɗu, kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza hakan ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta cire kiran bidiyo daga irin wannan hani, don haka gaisawa da uban da ke aiki a Abuja ko kakar da ta tafi Umara ba laifi, domin mutum ne ke amsa wa yaron. Awa ɗayan nan jimla ce: waya, talabijin, kwamfuta, da abin da ya leƙa a hannun yayansa.

Daga shekara biyar zuwa sama, a fara lissafi daga barci. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 har da na rana, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10. Yaro ɗan shekara takwas da ake tayarwa ƙarfe biyar da rabi don Asuba, ko mafi ƙarancin awa tara za a ba shi, dole ya kasance ya yi barci da takwas da rabi. In kuma za a kashe kallo awa ɗaya kafin kwanciya, kamar yadda likitoci ke ba da shawara, to kusan daga Magariba ke nan babu kallo. Wannan shi ya sa kiran sallar Magariba ya fi kowane agogo dacewa da zama iyaka a garinmu: kowa na jin sa, ba ya buƙatar caji, kuma yaro ba zai yi gardama da shi ba. Ga 'yan firamare, awa ɗaya a ranar makaranta da awa biyu a ranar hutu ma'auni ne da gida zai iya riƙewa.

Mako na farko: ƙidaya kawai

Kada a hana komai tukuna. A samu takarda, a ja layi bakwai, kowane yaro da tasa, a riƙa rubuta lokacin da ya fara kallo, lokacin da ya daina, a wace na'ura, kuma wa ya ba shi. Mafi yawan wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da Samsung, suna da sashe a cikin saiti mai suna Digital Wellbeing da ke nuna awannin da aka yi a kowace manhaja. A iPhone sunansa Screen Time. A duba na kowace waya a gidan, har ta maigida.

Sai an cika kwana bakwai ɗin, domin makon yaron Katsina ba iri ɗaya ba ne. Litinin zuwa Laraba akwai boko da safe da Islamiyya da yamma, kusan babu sarari. Alhamis da Juma'a yawancin makarantun Islamiyya da na allo suna hutu, yamma duka a buɗe take. Asabar da Lahadi babu boko. Wanda ya ƙidaya Litinin kaɗai zai ce ɗansa ba shi da matsala. Takardar kuma za ta nuna wani abu da ba a zata ba: sau da yawa kallon yana da sa'o'insa, lokacin ɗora tukunya, lokacin da aka yi baƙi, da lokacin da aka kawo wuta. Na ƙarshen nan ya fi wuyar magani, saboda in wuta ta zo ƙarfe tara na dare gida duka kan farka, a kunna talabijin don kada a yi asarar ta. A sa caji, a yi guga, a tara ruwa, amma yaro ya ci gaba da barcinsa.

Zaman manya kafin a gaya wa yara

Nan ne yawancin ƙoƙari ke rushewa. A gidan yawa, dokar ɗaki ɗaya ba doka ba ce. An hana yaro a ɗakin uwarsa, ya zarce ɗakin Gwaggo ko shagon samari a zaure. Maigida ne ya kamata ya tara manyan gida ya faɗi tsarin da bakinsa, ya zama iri ɗaya ga kowane ɗaki. In gidan mata biyu ne ko uku, kowace ta karɓi wayoyin ɗakinta a lokaci ɗaya da sauran. Kada a ɗora wa mai girki karɓar na 'ya'yan abokiyar zamanta, domin cikin kwana biyu maganar za ta tashi daga tarbiyya ta koma "an takura wa 'ya'yana".

Kaka kuwa ba a kafa mata doka, kuma ba suruka ce za ta tunkare ta ba. Ɗanta zai same ta ita kaɗai ya ce: "Hajiya, yaran nan barci ba ya isar su, malamansu na kuka da su. Muna so daga Magariba a daina ba su waya. In sun zo wurinki, ki taimake mu ki riƙe su da hira, ke suka fi jin maganarki." An ba ta aiki ke nan a cikin tsarin, kuma babu wanda ya fi ta iya shi.

Sai wayar iyaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke amsa gaisuwar ɗansa yana duba Facebook ya riga ya koya masa yadda ake gaisuwa. Duk dokar da za a sa a kan abinci da bayan Magariba, ta hau kan manya, sai dai kira na dole, a tashi a amsa a dawo.

Lokaci da wuri

Doka kaɗan da ake kiyayewa ta fi goma da ake karyawa. Uku sun isa a farko: babu kallo a kan abinci, babu kallo daga Magariba, waya ba ta kwana a ɗakin yara. A samu kwanon samira mai murfi ko ƙaramin akwati, a ajiye a ɗakin maigida ko na uwa kusa da wurin caji, kowa ya kawo tasa da hannunsa. Talabijin da ake bari a kunne babu mai kallo a kashe ta, domin ko yaro na wasa a gefe tana yanke masa wasan, kuma tana rage yawan maganar da manya ke yi masa.

Lokacin da aka yarda a yi kallo ya zama sananne, kullum iri ɗaya, misali bayan an dawo boko an ci abinci an yi Azahar, a tsaya kafin shirin Islamiyya. Yaron da ya san lokacinsa na zuwa yakan daina roƙo duk yini. Wanda kuwa wataran ake ba shi in ya nace, wataran a hana, shi ne ba ya gajiya da naci. A yi kallon a tsakar gida ko falo inda ake wucewa, da sauti a buɗe ba da iyafis ba. Talabijin ta fi waya sauƙin sarrafawa: shiri yana da farko da ƙarshe, ana kallonsa tare, kuma ido yana nesa da ita. In da hali babba ya zauna minti goma ya tambaya, "me ya sa wancan ya yi fushi?", "kai da me za ka yi?" Kallo da hira a cikinsa daban yake da kallon kaɗaici.

Yaron da ya saba da awa biyar ba a mayar da shi awa ɗaya a rana guda. A fara da dokokin nan uku, su kaɗai za su zaftare kaso mai yawa. Bayan mako ɗaya a riƙa rage rabin awa duk kwana uku ko huɗu har a kai inda ake so. Wanda bai kai shekara biyu ba shi ne ake yanke wa gaba ɗaya, kuma ya fi kowa saurin mantawa muddin bai ga wayar a gabansa ba.

Yadda ake ƙare kallo yana da muhimmanci kamar tsawonsa. "Saura minti biyar" ba ta da ma'ana ga ɗan shekara uku, bai san minti ba. A ce masa "in wannan ya ƙare sai ka kashe", ko "in an kira La'asar". A bar shi ya danna da kansa, sannan a sa wani abu ya biyo baya nan take, wanka ko aike ko abinci. Fizge waya a tsakiyar shiri yana jawo rigimar da ba ta zama dole ba.

Duk da haka za a yi kuka, kuma kwanakin farko ya fi na da tsanani. Wannan ba alamar gazawa ba ce. Yaro yana gwada makamin da ya saba yi masa aiki, da ya ga bai ci ba sai ya ƙara ƙarfi. Kuskure mafi tsada shi ne a jure minti ashirin sannan a miƙa wayar, domin an koya masa cewa farashinta kukan minti ashirin ne, gobe zai biya. A zauna kusa da shi, murya ƙasa, magana ɗaya: "Na san kana so. Sai gobe bayan Azahar." Ba duka, ba dogon wa'azi, ba kuma alkawarin alewa. In manya suka tsaya a kan magana ɗaya, sau da yawa cikin mako ɗaya zuwa biyu rigimar kan lafa. Kada kuma a mayar da waya ladan cin abinci ko ladan hadda, domin hakan yana ɗaga darajarta sama da abincin da karatun.

Yaron da ba ya cin abinci sai da katun a gabansa, a zaunar da shi kwano ɗaya da 'yan uwansa, a ba shi minti ashirin zuwa talatin, abin da ya ci ya ci, a ɗauke, kada a cike masa ciki da biskit kafin na gaba. Yaro mai lafiya yunwa za ta dawo da shi. Wanda ke da rama ko rashin lafiya, a fara kai shi ga ma'aikacin lafiya kafin a gwada wannan.

Abin da za a zuba a gurbin

In aka cire awa uku ba a sa komai ba, yaro zai zagaya ya nemo wayar wani. Kuma gaskiya ne iyaye da yawa suna riƙe yara a gida saboda tsoron abin da ke waje, wayar ta zama igiyar da ke hana su fita. Amma tsakar gida da ƙofar gida a gaban idon babba sun isa. Ɗan shekara uku zai iya tsintar wake da miƙo ludayi. Ɗan shekara shida zai ɓare gyaɗa, ya ba tumaki dusa, ya kai abinci maƙwabta. Aiken nan kada a raina shi: a cikinsa yaro ke koyon sallama, durƙusawa, isar da saƙo yadda aka faɗa, da dawo da amsa. Saƙon murya ta WhatsApp ya ɗauke wa yara wannan makaranta, ya kamata a riƙa maido musu ita da gangan, ko da gida biyu ne tsakani.

Langa, ɓuya, carafke, gaɗa, dara, dokin kara, motar gwangwani, duk ba sa cin data, kuma a cikinsu ake koyon jiran layi da karɓar kaye. Wasan waje yana da wani amfani ga ido: yawan kallon abu na kusa da ƙarancin hasken rana suna da alaƙa da rashin ganin nesa, kuma kimanin awa biyu a waje kullum yana rage haɗarin. Ba sai an tsaya cikin rana ba, inuwar bedi ma waje ce. Ga masu karatu a kwamfuta, duk minti 20 a ɗaga ido a dubi abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20.

Bayan Isha'i, kwata ɗin awa na tatsuniya ya fi ƙarfin abin da ake zato. "Ga ta nan, ga ta nanku" tana buƙatar a amsa "ta zo mu ji ta", yaro na saurare, yana zana Gizo da Ƙoƙi a cikin kansa, yana tambaya, jikinsa a jikin mai ba da labarin. Wanda ya manta tatsuniya ya ba da labarin kakansa, ko yadda unguwar take kafin a yi kwalta, ko dalilin sunan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi. Ranar Juma'a da yamma a tafi gaida dangi ba tare da an ba yaro waya a hanya ba. Wataran a kai su su ga Hasumiyar Gobarau da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, in an je Daura a tsaya Rijiyar Kusugu.

Saitin waya

Saiti mataimaki ne, kuma kowanne da inda yake yoyo. In yaro wayar uwa yake ara, wanda shi ne ya fi yawa, a nemi App pinning a sashen tsaro na saitin Android, a kunna shi tare da zaɓin neman lambar sirri kafin a fita. Yana kulle wayar a kan manhaja ɗaya, yaro ba zai zarce TikTok ko manhajar banki ba. A iPhone Guided Access ke wannan aikin. A YouTube a kashe makunnin Autoplay da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa. YouTube Kids yana da agogon da ke rufe kallo in lokacin da aka sa ya cika, amma tacewarsa ba cikakkiya ba ce, sai ana leƙawa.

Agogon manhaja na Digital Wellbeing yana dusar da manhajar in lokacinta ya ƙare har zuwa sha biyun dare, sai dai duk wanda ya iya buɗe wayar zai iya cire shi, don haka ya fi amfani ga babba mai son kama kansa. In yaro na da wayarsa, Family Link na Google ya fi: a sauke shi a wayar uba ko uwa, a buɗe wa yaron asusu da shekarunsa na gaskiya, a shiga da shi a wayarsa, sannan a sa iyakar awannin yini, lokacin kwanciya, da sharaɗin cewa ba a sauke manhaja sai an amince. Sabon umarni ba ya isa wayar yaron sai tana da data. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara wa yaro shekaru wajen buɗe asusu, ko a danna lambar sirri a gabansa.

Hana data kaɗai ba ya hana kallo. Da kuɗi kaɗan masu tura fina-finai za su cika memori, kuma abokai na tura wa juna ta Xender ba tare da intanet ba. A riƙa buɗe ma'ajiyar bidiyo da hotuna tare da yaron, da saninsa, a matsayin sharaɗin riƙe waya tun ranar farko.

Matasa

Facebook da TikTok da Instagram su da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, Ostareliya kuwa a 2024 ta yi dokar da ta ɗaga shi zuwa 16. Ba dole ba ne wayar farko ta zama babba. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa kira in an tashi makaranta. Haka kuma ba hikima ba ce a nisanta matashi da na'ura gaba ɗaya, tunda jarrabawar JAMB ma a kwamfuta ake yin ta. A raba masa tsakanin abin da yake yi da hannunsa, kamar koyon buga rubutu, zane, sauraren karatu, da abin da ake zuba masa yana kwance.

Da matashi ana zama ne a yi yarjejeniya, ya faɗi nasa. Abin da ba a sassautawa shi ne kwanan waya a wajen ɗakinsa. In ya ce ita ke tayar da shi Asuba, a saya masa agogo. Wasannin Zakarun Turai na dare suna farawa ƙarfe takwas ko tara a agogonmu, su kai sha ɗaya, don haka a zaɓi wanda za a je gidan kallo dominsa, a san da wa za a je. A lura da manhajojin caca da ke raɓe da ƙwallo: yawan neman kuɗin data, ɓatan ƙananan kuɗi a gida, da damuwa da sakamakon wasan ƙungiyar da ba ya goyon baya. 'Ya mace da ɗa namiji duka a gaya musu tun kafin ya faru: in wani ya nemi hotonsu, ko ya yi barazanar yaɗa wani abu, su zo su faɗa, ba za a doke su ba. Masu wannan ta'asa da tsoron iyaye suke riƙe yaro, in ya san gida mafaka ce sun rasa igiyar. Kada a biya kuɗi, kada a goge saƙonnin, a kai ƙara.

Lokacin zuwa asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019. Alamominsa su ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita gem a kan karatu da barci da mutane, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, galibi na tsawon wata 12. Matashin da ya kai nan, ko wanda ya daina fita, ya daina cin abinci da mutane, ko yake maganar ya gaji da rayuwa, likita yake buƙata da gaggawa.

Ga ƙanana, kada a ɗora wa waya kowane jinkiri a zauna jira. Yaron da ya cika shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, wanda ya kai wata 16 zuwa 18 babu kalma ko ɗaya, wanda ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko wanda ya fara magana ya daina, a kashe kallon yau kuma a kai shi sashen yara a wannan makon, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, ko babban asibitin Daura ga na can. A roƙi a gwada jinsa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko kunnensa na zubar da ruwa, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma yakan manne wa hoto ya ƙi amsa kira. A tafi da takardar ƙidayar nan ta mako ɗaya da katin rigakafinsa.